Ramin da Aka Tona a Filin Marayu

Ranar Asabar da hantsi ina zaune ƙofar ɗakina a Nyohini ina tsince wake, Samiratu ta faɗo gidan ko sallama babu. Mayafi a hannu, ƙafafunta jajawur da ƙasa.

"Mma, an taɓa filin."

Samiratu matar Mutari ce, ɗana na biyu, wanda muka binne wata bakwai kafin wannan rana. Ciwon kwana huɗu ya ɗauke shi, ya bar ta da yara biyu, Jamal da Samiha. Abin da ya bari motokin ne, babur mai ƙafa uku da yake dako da shi, sai ɗan abin da abokan aikinsa suka haɗa. Da aka sayar da motokin, na ce wannan kuɗin ba za a zuba shi a tukunya ba. Ƙasa za a saya wa marayun, ko ɗaki ɗaya ne su san nasu ne.

Fili biyu aka kawo mana. Ɗaya can ƙarshen Kalpohin, ƙarami, kan tudu, duwatsu ko'ina, wani dillali Mutawakil ya kawo shi. Ɗayan a bayan Vittin, babba paa, a shimfiɗe, jar ƙasa kamar an share, ga araha. Wannan ɗana na fari ne ya samo, wanda muke kira Babba. Ya ce mai shi yana Kumasi, a matse yake. Mun je mun gani. Samiratu ta taka shi kusurwa zuwa kusurwa tana cewa nan ɗaki, nan rijiya, nan mangwaro. Tun rasuwar ban ga haƙoranta ba sai ranar. Aka tsayar ranar Litinin za a kai goro gidan sarkin yankin, a biya.

Na ce, "Me aka yi masa?"

"An tumɓuke fila duka huɗu, simintin iyakar nan. Kuma an tona rami a tsakiya, Mma. Rami."

Kafin keken haya na yalo-yalo ya sauke mu, wurin ya cika. Magina, masu sayar da koko, maƙwabta, kowa da abin da yake faɗa. Amma duk sun yi da'ira nesa da ramin, ba wanda ya matsa. A wajenmu in aka tona rami a filin mutum ba saninsa, ba a leƙawa. An ce abin da aka binne, wanda ya fara haɗa ido da shi ne yake ɗauka.

Babba ya fi kowa ɗaga murya.

"Fulanin nan ne! Hanyar shanunsu suke so. Ga sawun shanu nan, makaho ma ya gani. A kawo shebur a rufe ramin nan, a je a tashe su daga ruga!"

Wasu samari har sun ɗauki sanduna. Wata mata kuma ta ce a'a, dillalin Kalpohin ne, ya ji ciniki zai kuɓuce masa ya zo ya binne abu. Samiratu ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

Na ce, "Ba mai zuwa ruga, ba mai rufe rami. Ku sa kwanon rufi a kai ku danne da dutse."

"Mma, wannan ba maganar mata ba ce," in ji Babba.

"Ni na haifi uban marayun, ni na haife ka. Sa kwanon."

Ya sa.

A hanyar komawa na biya wajen Mutawakil. Na same shi ƙarƙashin rumfa yana cin waakye, shinkafa da wake, tumbinsa a kan cinya.

"Mma Zuweira! Dasiba, ina kwana. Kin dawo hankalinki za ki ɗauki na tudu?"

"Jiya Juma'a ina kake?"

"Masallaci, sahun gaba, kusa da fanka. Me ya faru?"

Na faɗa masa. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ga fuskata ya daina.

"Mma, dube ni da kyau. Ni da ko takalmina sai na zauna nake sawa, ni zan tumɓuke siminti huɗu a zafin nan? In zan ɓata wa mutum ciniki, da baki nake yi, ba da fartanya ba. Shekara ashirin da baki nake ci."

Na san mahaifiyarsa, na san shi tun yana tsirara. Maƙaryaci ne, amma rago ne. Na cire shi.

Ni ban yi makaranta ba koraa, ko sunana ban iya rubutawa. Amma wanda na yi wa da wanda ya yi mini, duk suna nan a kaina, ba ɗaya da ya faɗi. Akwai wani tsohon Bafulatani, Osman, a can yamma da gari. In saniya ta ɓata shi ake kira, ya bi sawunta ko ta kwana uku. Shekarun baya matarsa Ashetu ta yi wata biyu a ɗakina lokacin da haihuwa ta zo mata da gardama. Ban taɓa tuna masa ba. Ranar na aika mai kawo mana wagashi, cukun Fulani, ta ce masa Zuweira na kira.

Lahadi da sassafe na same shi a filin, ya riga ni, yana tsaye da sandarsa a wuya. Mu biyu ne kawai.

"Mma Zuweira, garin Tamale duka kika kawo suka yi rawa a nan? Sun tattake komai."

"In da sauƙi ai da ban tashe ka ba."

Bai shiga tsakiyar ba. Ya bi gefe, a sunkuye, har gindin wata bishiyar nim a bakin filin. Can aka ajiye filolin huɗu.

"Zo ki gani. Wa ya jera su haka?"

"Haka aka same su."

"Kai da kai, gindi da gindi, ko ɗaya bai fashe ba. Mai ƙiyayya jifa yake yi. Wannan ya ajiye su ne kamar yana tsoron a ce ya ɓata kayan mutane."

Ya nuna mini sawu a ƙasa mai laushi. Ni dai silifas na gani.

"Mace ce. Ita kaɗai. Da fartanya ta zo, ga inda ta jingine ta. Kowace fila sai ta huta sau uku kafin ta kawo ta nan, jan ta take yi a ƙasa. Kuma ba ita kaɗai ba ce a jikinta."

"Kamar yaya?"

"Dubi yadda take buɗe ƙafa, dunduniya na nutsewa. Na yi shekara hamsin ina bin masu ciki, masu ƙafa huɗu da masu biyu."

Na sunkuya na sake duban sawun.

"Shanun fa?"

"Shanu a kan sawunta suka taka, da yamma suna komawa. Ita da rana tsaka ta zo, ta lafe jikin bishiya saboda inuwa ta tsuke. Lokacin maza duk suna masallaci." Ya tsuguna. "Ga tafin hannu biyu. Taimama ta yi, ba ta zo da ruwa ba. Ga gwiwa, ga goshi. Ta yi azahar a nan. Mma Zuweira, mai binne mugun abu ba ya tsayawa ya yi salla a kansa."

Ya miƙe ya nufi ramin. Na ce, "Osman, kana da iyali."

"Ke ma kin yarda da wannan?"

Ya ture dutsen, ya ɗaga kwanon, ya leƙa. Ni na juya baya ina karanta abin da na iya. Sai na ji ya ce, "Babu komai a ciki. Zo."

Na zo. Ramin bai kai ƙugu ba. Daga sama jar tsakuwa ce, kamu ɗaya. Daga nan sai ƙasar ta canza lokaci ɗaya kamar an yanka da wuƙa, ta koma baƙa, mai tsattsagewa.

"Allah bai jera ƙasa haka ba," in ji Osman. "Ta saman nan baƙuwa ce. Tifa ta kawo ta."

Ya shiga ramin ya dinga caccakar baƙar da sandarsa, yana ɓamɓarowa da hannu. Ya daɗe. Can ya fito da wani dunƙulen laka ya fasa a gwiwarsa. A ciki akwai abu a naɗe, busasshe, da wutsiya a kan fuska.

Gaiwa ce. Kifin nan da in tafki ya ƙafe yake shiga laka ya kwanta sai ruwa ya dawo.

"Ta mutu," ya ce. "Takan bar 'yar ƙofa a sama ta numfashi. An zuba tsakuwa an toshe mata."

Na zauna a bakin ramin. Nan Samiratu ta ce za ta sa ɗakin yara.

Muka taka zuwa rugar, ba nisa. Da suka hango mu matan suka shige bukka, saboda labarin sanduna ya iso musu. Osman ya yi musu Fulatanci, sannan wani magidanci mai suna Jallo ya fito.

Na ce, "Filin can, ka san shi da damina?"

"Nan muke shayarwa har bayan an cire gero, Inna. Tsakiyar yakan kai ƙirjin mutum."

"Me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Wa ya tambaye mu? Kowa da rani yake zuwa ganin fili, cikin farar riga, ya tsaya a bakin hanya."

"Wa ya zuba tsakuwar?"

"Mai filin. Wata biyu da suka wuce, tifa ta yi ta zuwa kwana uku. Ya ce in ya ƙara ganin saniya a wurin zai kira mana 'yan sanda. Ban san sunansa ba. In na gan shi na san shi."

Na ce ya zo gidana bayan la'asar, Osman zai kawo shi.

Daga nan ban koma gida ba, na wuce gidan Babba. Ya fita. Matarsa Asmawu tana kwance a tabarma, cikinta wata biyar. 'Yar Dagomba ce, shekara takwas a gidanmu ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta yunƙura za ta durƙusa.

Na ce, "Ba ni ruwa."

Ta kawo kofin a tsakanin wuyan hannuwanta biyu. Na ajiye kofin na kama hannun na buɗe. Duk ya yi bororo ya fashe, ta shafa man kaɗe.

"Me ya same ki?"

"Tukunya ne ya ƙone ni, Mma."

"Tukunya mai ƙota?"

Sai ta zube a ƙafafuna.

"Mma, kar ki tambaye ni, don Allah. In na faɗa, na kashe aurena. In na yi shiru, na kashe yaran Mutari. Na ce bari ƙasa ya faɗa da kansa. Na tona, na cire fila don mutane su taru, na ce wani zai leƙa ya gani. Ba wanda ya leƙa, Mma. Ko mutum ɗaya."

Ban tambaye ta ba. Na ɗaure mata hannun da gefen ɗankwalina, na ce ta ɗauki mayafi ta biyo ni, ta zauna a ƙuryar ɗakina, kome ta ji kar ta fito.

Bayan la'asar na sa aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Afa limamin unguwarmu ya zo, Samiratu ta zo, Mutawakil ya zo don a wanke shi. Babba ya shigo ƙarshe, da takardu a hannu na zuwa gidan sarki gobe. Osman yana gefe da ƙunshin tsumma.

Afa ya yi addu'a. Babba ya ce, "To, an kama su?"

Osman ya kwance tsumman ya ajiye gaiwar a tsakiyar tabarma.

Mutawakil ya leƙa, ya ja da baya. "Wannan ne asirin?"

"Wannan ce mai filin ta asali," in ji Osman. "A ƙarƙashin tsakuwa na same ta. Wurin tafki ne."

Samiratu ta dubi kifin, ta dube ni. Ba ta gane ba tukuna, ko ba ta so ta gane.

Babba ya ce, "Innalillahi. To mutumin Kumasin nan ya cuce mu. Wallahi bari in kira shi yanzu."

Na ce, "Kira shi. Sa a fili mu ji muryarsa."

Ya ciro waya ya yi ta latsawa. Ya ce ba sabis. Mutawakil ya ce nasa cike yake, ga shi. Bai karɓa ba.

Na ɗaga murya na ce Jallo ya shigo. Ya shigo yana sunkuyar da kai, ya gaida Afa, ya ɗago. Bai duba kowa ba sai mutum ɗaya.

"Sannu, mai fili," ya ce.

Mu a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari. Shekara arba'in da huɗu sunan nan bai taɓa fita bakina ba, ko a asibiti sai dai wani ya faɗa. Ranar na faɗa.

"Abdul-Razak."

Takardun suka zube daga hannunsa.

"Filin wa za ka sayar wa 'ya'yan ƙaninka?"

Da ya fara magana, ƙasa yake kallo.

"Nawa ne, Mma. Shekara uku ke nan. Da rani na saya, kamar yanzu, duk abin da na tara a shago na zuba. Watan takwas na je in kai bulo, ban ga fila ko ɗaya ba. Ruwa har nan." Ya nuna ƙirjinsa. "Wanda ya sayar mini ya ɓace. Na ji kunya in faɗa. Shagon yanzu kanta ce kawai babu kaya, ga Asmawu da ciki. Na ce in na samu na farfaɗo, ni zan ɗaga musu harsashin ginin, in cika musu da ƙasa. Wallahi na yi niyyar haka."

Na ce, "Har ƙirjinka. Samiha shekararta huɗu. Ina zai kai mata?"



Samiratu ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, a hankali, "Yaya, kai ka sa Mutari a kabari da hannunka. Kai ka ce mini in daina kuka kana nan."

Wannan ne ya karya shi. Ya kifa kai a gwiwa. Afa ya yi ta jan carbi.

Can Babba ya ɗago, idonsa jajir. "Wa ya tona ramin?"

Na ce, "Wanda ya tona ba shi da laifi a gidan nan, kuma ba za a kama sunansa ba."

Amma sai kuka ya ƙwace wa Asmawu a cikin ɗaki. Ta toshe baki, duk da haka ya fito. Mutum ya san kukan matarsa. Ya juya ya kalli labulen, ya daɗe yana kallo.

Afa ya ce a yi sulhu, jini ɗaya ne, a rufa asiri. Na ce za a rufa, ba za a kai shi ko'ina ba, amma da sharaɗi.

"Tsakuwar nan za ka kwashe ta duka, ka bar baƙar ƙasa a fili kowa ya gani. In ba haka ba gobe wata bazawarar za ka samu, wadda ba ta da Asmawu."

"Mma, in na kwashe ba mai saye har abada. Shi ke nan abin da nake da shi a duniya."

"Na sani."

"Mma."

"Ka kai ta Kalpohin, a cika gindin ɗakin marayu. Mutawakil, gobe za mu je gidan sarkin can. In ka ƙara ko sisi a kan abin da ka faɗa, zan je kabarin uwarka in gaya mata."

"Na rage ma, Mma," in ji shi.

Kwana tara Babba ya yi yana kwasa. Ya sayar da babur ɗinsa ya ɗauki tifa, amma lodin da kansa ya yi da shebur, shi da leburori biyu, cikin ranar nan ta watan uku. Mutanen da suka taru ranar Asabar suna wucewa suna nuna shi. Ban je ba. Osman ne ya je ya duba ya aiko mini cewa ko cikin kwano ɗaya bai bari ba, ya ce kuma tsakanina da shi yanzu an yi daidai. Na ce an yi.

Filin Kalpohin ƙarami ne, in an gina ɗaki biyu da banɗaki sai wajen shanya. Ba wurin mangwaro. Samiratu ta tsaya a kan dutse ta duba, ta ce ya isa.

Ranar ta goma da yamma Babba ya zo. Bai shigo ba, ya tsuguna a bakin ƙofa da 'yar jakarsa. Ya rame, hannuwansa duk sun fashe. Ya ce Techiman zai tafi, wani abokinsa zai sa shi a shagon taya. Ya ce bai saki Asmawu ba, kuma bai riƙe ta da komai ba, amma ba zai iya haɗa ido da ita ba yanzu, ta zauna wurina. Tana bayan labule tana ji.

Sannan ya ce, "Mma, ki yafe mini."

Na ce, "Ba ni ka yi wa ba. Masu yafe maka ba su girma ba tukuna."

Ya gyaɗa kai. Ya jira kaɗan ko zan ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Shekara biyu ke nan. Asmawu ta haifi namiji, ya aiko da rago, bai zo ba. Yakan kira Afa ya tambayi lafiyata, ni bai taɓa kira na ba. An rufa ɗaki ɗaya a Kalpohin, damina biyu ko tabarmarsu ba ta jiƙe ba.

Abin da na faɗa masa gaskiya ne, ko yau ya tsuguna a wurin nan shi zan sake faɗa. Amma a lokacin nan tuwo na kan wuta, miyar kuɓewa, wadda yake so tun yana yaro. Ya yi kwana tara yana lodi, ga hanya mai nisa a gabansa. Ban ce ya tsaya ya ci ba.